Zuwa ga ɗana a Leipzig, kan aikin da kake son ƙi

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, ya sanyin ƙasar?

Mahaifiyarka ta faɗa mini wai za ka ƙi aikin nan don ka ji sai da aka kira mutum biyu suka ƙi, sannan aka waiwayo ka. Kafin ka ba su amsa, ka taka zuwa cocin Thomas da ke tsakiyar garinku, ka dubi mutum-mutumin Johann Sebastian Bach, shahararren mai tsara kiɗan nan, a bakin ƙofa. Ba kiɗa nake tura ka koyo ba, kada ka tsorata.

Da shugaban mawaƙan cocin, Kuhnau, ya mutu a 1722, majalisar gari ba Bach ta nema ba. Wani mai tsara kiɗa, Telemann, ta zaɓa, shi kuwa ya koma wurin aikinsa a Hamburg da takardar tayin, aka ƙara masa albashi, ya yi zamansa. Ta juya ga wani mai tsara kiɗan, Graupner, ubangidansa na Darmstadt ya ce ba inda za shi. Sai a 1723 aka ba Bach, wanda a lokacin an fi saninsa da gwanintar kaɗa ogan, babbar na'urar nan ta coci mai bututu. Ya sani sarai shi ne na uku, ya karɓa.

Kuma aikin ba na hutu ba ne. Ga koyar da yaran makarantar kwana, ga jagorancin mawaƙa a manyan cocin garin, a shekarun farko kusan kowane mako sai ya tsara sabuwar waƙa, a kwafe takardun da hannu, a koya wa yara kafin Lahadi. Majalisa ta yi ta sa masa ido, har a 1730 ya rubuta mata doguwar takarda yana kukan ƙarancin makaɗa da mawaƙa. Shekara 27 ya yi a kujerar, har rasuwarsa a 1750. Yau kabarinsa na cikin cocin, Graupner kuwa sai masana ke tuna shi.

Akwai inda ba na so ka bi sawunsa. A 1717 ya samu aiki a Köthen, ya matsa wa ubangidansa na lokacin, sarkin Weimar, lamba sai an sallame shi, sarki ya fusata ya kulle shi kusan wata guda, aka sake shi da baƙar sallama. Kai ma kana da wannan zafin kan, na san inda ka gado shi. Idan ka karɓi sabon aikin, ka je wurin maigidanka na yanzu da ƙafarka, ka yi masa bayani, ka cika wa'adin da ke cikin yarjejeniyarku. Kada ya ji a bakin wani.

Ka ba su amsa cikin makon nan, kada su kira na huɗu. Ƙannenka suna gaishe ka, mahaifiyarka kuma ta ce ta aiko maka da yaji da kilishi.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka