Rahoton Ayyukan Shekara: Ma'aikatan Kamfanoni da Aikin Sa Kai

'Yan uwa mambobi, ga rahoton kwamitin hulɗa da kamfanoni na shekarar da ta ƙare.

Yawancin lokacinmu ya tafi ne wajen karɓar ma'aikatan kamfanoni masu zuwa aikin sa kai, ƙarƙashin shirin kamfanoninsu na kyautata wa al'umma. Buƙatun sun fi taruwa a Disamba, saboda 5 ga wata ce ranar masu aikin sa kai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ga kuma rahoton ƙarshen shekara da kowane kamfani ke son ya ƙawata da hotuna.

Ziyarar yini ɗaya ce ta fi ba mu wahala. Jama'a su zo rututu ba horo, a janye ma'aikatanmu daga aikinsu su yi musu jagora, a sayi kaya, a gyara wuri bayan sun tafi. In aka yi lissafi, sau da yawa kuɗin da ƙungiya ta kashe ya fi abin da ta samu. Don haka kwamiti ya gindaya sharuɗɗa: sanarwa makonni 6 kafin ranar, jagora 1 ga kowane mutum 10, kuma kamfani ne zai biya kuɗin kaya da na awowin jagororin. Duk wanda zai yi aiki da yara sai an tantance shi, ba a kuma ɗaukar hoton yaro sai da rubutaccen izinin iyaye.

Inda muka fi cin moriya shi ne aikin ƙwarewa: akantoci, lauyoyi da masana kwamfuta. Amma nan ma akwai tarko. Mutum ya gina mana rumbun bayanai, kamfaninsa ya sauya masa wurin aiki, a wayi gari ba wanda ya san kalmar sirri. Yanzu ba a fara aiki sai an rubuta abin da za a miƙa, ranar miƙawa, awowi nawa a mako, da sunan ma'aikacinmu da zai karɓa ya kuma koyi sarrafa shi.

Tsarin da kamfani ke ninka gudunmawar kuɗin da ma'aikacinsa ya bayar, wanda kamfanin General Electric na Amurka ya fara a 1954, muna asarar kuɗinsa ne kawai saboda ba a cike fom kafin wa'adi ya wuce. Mun sa tunatarwa a jikin kowane rasit.

Sai namu ma'aikatan, waɗanda aka fi mantawa da su. Ƙa'idar ISO 26000 ta 2010, wato jagorar ƙasa da ƙasa kan nauyin al'umma da ke kan kamfanoni da ƙungiyoyi, ta shafi kowace irin ƙungiya, har da wadda ba ta neman riba, kuma yadda ake riƙon ma'aikata na cikin ginshiƙanta 7. Duk wanda ya yi jagora a ƙarshen mako yanzu yana da hutun ramuwa cikin kwana 14, kuma kafin a amsa wa kamfani, sai shugaban sashen da abin ya shafa ya sa hannu cewa akwai aikin da ake buƙata.