Jirgin Abuja: a kawo gidaje da shaguna bakin tasha

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan gosulon da ke cin mu a Abuja.

Ni a Mararaba nake zaune, aiki kuma a Wuse. Ana idar da sallar asuba nake fitowa amma wallahi wata ran sai rana ta take ban wuce Nyanya ba, motoci a tsaye cak inji na ta shan mai a banza, hayaƙi na tuɗaɗowa daga salansar tsofaffin bas-bas, yaran da ke tallan fiya wata a tsakanin motoci shi suke shaƙa yini guda. Farar shadda kuwa kafin ka kai shataletalen AYA da ke Asokoro wuyanta ya yi baƙi. Da hunturu abin ya fi muni, ƙura da hayaƙi su haɗu su tsaya ƙasa-ƙasa.

To an ce ai ga jirgin ƙasa na cikin gari. Buhari ya buɗe shi a 2018, korona ta tsayar da shi a 2020, Tinubu ya sake buɗewa a Mayun 2024. Madalla. Sai dai layin ta Idu ya bi, reshe ɗaya filin jirgin sama ɗaya Gbazango wajen Kubwa, mu na gabas ko ƙararsa ba ma ji. Kuma wasu tashoshin nesa suke da unguwanni, sai ka hau keke ko acaba kafin ka isa. Mai mota da zai tuƙa har tasha ai gara ya zarce ofis kawai, shi ya sa cunkoson titi bai ragu ba.

A Curitiba ta Brazil tun 1974 suka ware wa bas hanyarta ita kaɗai, sannan suka ce dogayen benaye a gefen wannan hanyar za a riƙa ginawa. Mutum ya sauko daga gida, ya taka da ƙafa, ya shiga bas, motarsa na ajiye.

Roƙona ga hukumomi shi ne filayen da ke kewaye da tashar Idu da Kagini kar a yanka wa manya su zagaye da katanga su bar ciyawa. A yi benayen haya masu sauƙin kuɗi, shaguna a ƙasa, makaranta da asibiti kusa. Mu kuma na Nyanya da Mararaba, ko layin bas na musamman ne a fara mana da shi kafin jirgin ya iso.

Naku,
Wani mazaunin Mararaba, jihar Nasarawa