Wasiƙa Zuwa ga Aminina Kan Tsarin Shekara Goma na Jami'ar Zariya

Samaru, Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin can, ya ɗawainiya? Allah Ya taimaka.

Na karanta daftarin shawarwarin da ka turo kan yadda Jami'ar Ahmadu Bello za ta gyara koyarwa, ta kuma faɗaɗa hulɗarta da ƙasashen waje cikin shekara goma masu zuwa. Ka yi ƙoƙari ƙwarai. Sai dai ina roƙonka ka ɗauke jerin jami'o'in Turai da Amurka da ka buɗe da shi, ka kai shi shafin ƙarshe. Baƙon ɗalibi da baƙon malami duk abu ɗaya suke fara tambaya: yaushe ake buɗe zango, yaushe ake rufewa, me ke faruwa a cikin aji, kuma yaushe sakamako ke fitowa? In babu amsa mai gamsarwa, yarjejeniya ba za ta kawo kowa ba.

Ka fara da jadawalin karatu. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya ci wata tara, daga Maris zuwa Disamba, na 2022 kuma ya kama daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Uban da ke Maraɗi ko Garwa ya ga duk wannan, kuma shi ne zai biya kuɗin. Gaskiya jami'a ɗaya ba ta iya hana yajin aikin ƙasa baki ɗaya, amma akwai abin da ke hannunta. Ta fitar da jadawalin shekara uku a gaba. Ta kare makonni 15 na koyarwa a kowane zango, kada a matse su zuwa tara don a cike giɓi, domin daga matsewar nan ne ake samun kwas ɗin da aka yi jarrabawarsa ba a koyar da rabinsa ba. Ta sa wa'adi a rubuce: sakamako ya isa gaban majalisar malaman jami'a cikin mako shida bayan jarrabawa, takardar cikakken sakamako kuma ta tafi ta intanet cikin mako biyu daga ranar da aka nema. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Ɗalibi kan rasa gurbin digiri na biyu a waje don kawai takardarsa ba ta isa kafin a rufe karɓa ba, jami'ar can kuma ba ta mantawa da sunan inda aka makara.

To, sai cikin aji, inda nake so ka fi daɗewa. Ma'aunin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta daɗe tana tantancewa da shi shi ne malami ɗaya ga ɗalibi 30 a fannonin adabi da zamantakewa, ɗaya ga 20 a kimiyya, ɗaya ga 15 a injiniya, ɗaya ga 10 a likitanci. Amma wannan lissafin na sashe ne gaba ɗaya, yana ɓoye inda ciwon yake. Ciwon yana aji ɗaya, wato shekarar farko, a kwasa-kwasan haɗaka irin su lissafi da kimiyyar sinadarai da darussan gama-gari, inda ɗaruruwan yara ke cika zaure, na baya ba ya jin malami, ba kuma wanda zai duba aikinsa har ranar jarrabawa. A nan ake karya yaro, sai ya yi ta jan kwas har ajin ƙarshe.

Maganin ba sai an jira ɗaukar sababbin ma'aikata ba. Ɗauki kwas mai ɗalibi 1,200. A bar babbar lakca, amma a ba wa malami mafi ƙwarewa a sashen, ba sabon ɗauka ba. Sannan a raba ɗaliban rukuni 30, kowane mutum 40, kowane rukuni ya sami awa ɗaya a mako na warware tambayoyi. In kowane mai bita ya riƙe rukuni uku, mutum goma ake buƙata, kuma ɗaliban digiri na biyu da na uku za su iya, in an horar da su mako guda an kuma biya su. Abu uku ke kashe wannan tsari. In alawus ya makara wata biyu, masu bitar sun watse. In ba a sa awannin nan 30 cikin babban jadawali tun farko ba, za a rasa ɗaki ko su ci karo da aikin ɗakin gwaje-gwaje. In kuma bitar ba ta ɗauke da maki, ɗalibi ba zai zo ba. Saboda haka a ware maki goma daga makin gwajin cikin zango, a ɗora su a kan aikin bitar.

Kada ka yarda a ce maka taron horarwa na kwana uku zai gyara koyarwa. Malami yana bin abin da ke kai shi ƙarin girma, kuma a jami'o'inmu ƙarin girma kusan duka kan yawan maƙalun da aka buga yake tafiya. Wanda ya kwana yana gyara takardun ɗalibai da wanda ya karanto tsohon rubutunsa na shekara goma duk maki ɗaya suke samu a koyarwa. Sai an taɓa ƙa'idar ƙarin girman kanta. A ba koyarwa kaso mai nauyi, a kuma faɗi hujjar da za a karɓa: tsarin kwas na rubuce, samfurin tambayoyi da yadda aka raba maki, rahoton abokan aiki biyu da suka zauna a ajinsa sau ɗaya a kowane zango, da ra'ayin ɗalibai. Ra'ayin ɗaliban nan a karɓe shi kafin jarrabawa, ba suna, kuma kada ya bi ta hannun malamin ko shugaban aji. Kada kuma a dogara da shi kaɗai, don yara kan so mai sassauci su guji mai tsanani ko da shi ya fi koyar da su. Zariya ba daga sifili za ta fara ba: tana da cibiyar ACENPEE, wadda aka kafa ƙarƙashin shirin Bankin Duniya musamman don sababbin dabarun koyar da injiniya. Abin da ya rage shi ne a fito da aikinta daga tsangaya ɗaya, a sa duk sabon malami ya bi irin wannan horo cikin shekararsa ta farko kafin a tabbatar masa da aiki.

Batun manhaja kuwa, ka san a Disambar 2022 NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhajar jami'o'i, CCMAS, inda ita ta tsara kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Wannan kashi 30 shi ne abin da jami'a za ta nuna wa duniya a matsayin nata. Haɗarin shi ne kowane babban malami ya dage sai an ceto tsohon kwas ɗinsa, a cika gurbin da abin da aka saba. Alhali jami'ar da ke da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR a Samaru, da NAPRI ta kiwo a Shika, da NAERLS ta malaman gona, da cibiyar makamashi ta CERT, da Gidan Arewa a Kaduna, tana da abin da babu kamarsa a yankin Sahel. A shigo da masu binciken waɗannan cibiyoyi cikin aji, a kai ɗalibai gonakin gwajinsu da ɗakunan ajiyar rubuce-rubucensu. Ga injiniyoyi kuma, tun 2023 hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, COREN, ta sami kujerar wucin gadi a Yarjejeniyar Washington, wadda ke auna abin da ɗalibi ya iya yi bayan kammala kwas, ba yawan abin da aka karanta masa ba. Duk sashen da bai fara ajiye hujjar wannan ba tun yanzu, zai sha wuya ranar tantancewa.

Yanzu ga ƙasashen waje. Malam, wajenmu na farko Nijar ne da Cadi da Kamaru da Binin da Gana. Yaro daga Damagaram zai sauka Samaru ya yi ciniki a kasuwa da Hausarsa ranar da ya iso, kuma motar haya za ta kawo shi. Wannan dama ce da jami'o'in nesa ba su da ita, amma mukan ɓatar da ita a teburin rajista. A Nijar da sauran ƙasashen da ke karatu da Faransanci ana bin tsarin LMD: digirin farko, wato lasisi, shekara uku ne, kiredit 180, talatin a kowane zango. Namu shekara huɗu ne, da wani irin lissafin daban. Sai mai lasisi daga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ya nemi digiri na biyu, takardarsa ta yi wata da watanni tana yawo tsakanin ofisoshi, kowa na tsoron sa hannu. Gyaran shi ne majalisar malamai ta amince da jadawalin daidaita takardu sau ɗaya, ƙasa bayan ƙasa: wace shaida ce ke shiga aji ɗaya, wacce ke shiga aji biyu, wa zai wuce digiri na biyu kai tsaye, wa zai fara yin difloma ta cike giɓi. A buga shi da Turanci da Faransanci a shafin jami'a. Sannan a buɗe ajin Turanci na aƙalla wata shida kafin a shiga sashe, wanda zai koyar da Turancin fannin da yaron zai karanta, har da rubuta rahoton gwaji. In aka tsallake wannan, ɗalibi mai hazaƙa a lissafi sai ya faɗi don bai fahimci tambaya ba, ya koma gida ya hana ƙannensa zuwa.

Akwai darasi a shirin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya fara a 2014. Ba a sakin kuɗi sai an tabbatar da sakamako, kuma cikin abin da ake ƙirgawa har da yawan ɗaliban da suka zo daga wasu ƙasashen Afirka, da mata a cikinsu, da tantancewar hukumomin waje. Da aka ɗaura kuɗi a kan haka, cibiyoyi irin ta noman yankunan fari ta Jami'ar Bayero suka tashi suka je neman ɗalibai har ƙasashensu. A kwaikwayi wannan a cikin gida: sashen da ya kawo baƙin ɗalibai ya kuma yaye su kan lokaci, a mayar masa da wani kaso na kuɗin makarantarsu.

Kuɗin makarantar ma sai an yi hattara. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin watanni. Kada a yanka wa ɗan maƙwabta kuɗi da dala kamar wanda ya zo daga wata nahiya. A yi masa farashi na daban, a sanar da shi shekara guda a gaba, a kuma samar masa hanyar biya daga ƙasarsa, don biya ta Remita daga ƙetare wahala ce. Takardun zama su ma sai an kula da su, tunda Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, Cadi da Kamaru kuwa dama ba sa ciki. Ofishin baƙin ɗalibai ya ɗauki wannan nauyi da kansa, ya tanadi gado a ɗakin kwana kafin ya aika takardar shiga, ya kuma san inda za su zauna lokacin hutu.

Ga masu fita, misali mai kyau yana nan gida: shirin 3+2 da Jami'ar Central South ta Changsha a ƙasar Sin, inda ɗaliban injiniya ke yin shekara uku a Zariya, biyu a can, su fito da shaidar jami'o'in biyu. Ya yi aiki ne don an fayyace fanni, da shekaru, da mai biya. Da wannan ma'auni za ka tace jerinka. Duk yarjejeniyar da ba ta da sunan mai riƙe ta a kowane ɓangare, ba kasafi, ba aikin farko cikin wata goma sha biyu, ba ranar ƙarewa, kada a sa mata hannu. NUC ta fitar da ƙa'idojin haɗin gwiwa da jami'o'in waje a 2023, a duba su tun ana tattaunawa. Kuma tunda hukumar tallafa wa manyan makarantu, TETFund, ta dakatar da tura malamai karatu waje daga farkon 2025, saboda tsadar canji da rashin dawowar wasu, hanyar da ta rage mai sauƙi ita ce malami ya yi rajistar digirinsa na uku a gida, ya je ɗakin gwajin abokan hulɗa wata shida zuwa shekara, da masu duba aiki biyu, ɗaya nan ɗaya can. A nan ne irinku malaman da ke ƙetare za ku fi amfani: duba aikin ɗalibi tare da malamin gida, zama mai jarrabawa na waje, ko ɗaukar mako biyu na wani kwas ta intanet. Sai dai wannan na son wuta. Tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawa, naira 225 kowane yunit, lantarki ke cinye kuɗin shigar manyan jami'o'i. In za a sa hasken rana, a fara da zaurukan lakca da ɗakunan gwaji, kuma a rubuta kuɗin sauya batura cikin kasafi tun ranar farko.

Ka kuma tuna shugaban jami'a wa'adi ɗaya yake yi na shekara biyar, don haka tsarin shekara goma zai ratsa aƙalla shugabanni biyu. Ya zama majalisar malamai da majalisar gudanarwa duk sun amince da shi, kowane aiki da layinsa a kasafi. Ma'aunan kada su wuce takwas, kuma su zama masu ƙirguwa: kaso nawa na 'yan aji ɗaya suka wuce ba jan kwas, kwana nawa sakamako ya ɗauka, baƙi nawa suka shigo, nawa suka gama kan lokaci. A buga alƙaluman kowace shekara, sashe bayan sashe, kowa ya gani.

In ka sake jera daftarin, turo min kafin ka miƙa, musamman sashen ƙarin girma, don a nan za a fi ja da kai, kuma ya kamata ka je da rabon makin a rubuce. Ka gaishe min da uwargida da yara. Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Wassalam.

Naka amini.