Zuwa ga mutumina, mai sabon gida a Atlanta

Assalamu alaikum, Bazazzagi,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Wata bakwai ba kira ba saƙo, sai da gida ya fara warin ruma ka tuna kana da aboki magini. Ba komai, halinku ne. Allah ya sanya alheri, ya sa ku ci moriyarsa lafiya.

Na duba hotunan gidan da ka turo. Wannan ramin ƙarƙashin daɓenka, da sai da rarrafe ake shigarsa, haka yawancin tsofaffin gidajen jiharku ta Jojiya suke, kuma warin da kuke ji a falo daga can yake tasowa, don iskar ƙasa sama take bi. Kada ka biya kowa ko sisi tukuna, sai ka gano ta inda ruwan yake shiga.

Fara daga waje, ranar da ake sheƙa ruwa. Rufi mai faɗin murabba'in ƙafa 1,000, idan aka yi ruwan inci 1, yana zubo da galan fiye da 600. Indararonka na kusurwar baya a gindin bango yake juye nasa, ga jar lakar garinku ba ta shanye ruwa da wuri. Ƙara masa bututu ya kai ruwan ƙafa 5 ko 6 nesa da gini, ka kwashe ganyen da ya toshe magudanar rufin, sannan a cike gindin bango har ƙasar ta gangara waje da inci 6 a ƙafa 10 na farko. Farin abin nan mai kama da kanwa a jikin bulo shaida ce ruwa yana ratsa shi, yana bushewa ya bar gishirinsa.

Sai ƙasar ramin kanta. A buɗe take, ko ta yi kamar a bushe, tururi take fitarwa dare da rana. A shimfiɗa mata leda mai kauri, ba ta jakar kasuwa irin ta Sabon Gari ba. Mafi ƙanƙantar kaurin da aka yarda da shi 6 mil ne (mil a nan ba na tafiya ba ne, kashi ɗaya cikin dubu na inci ne), ni dai 10 zuwa sama nake so, don mai gyaran famfo zai ja gwiwa a kanta. Inda biyu suka haɗu a ɗora ɗaya kan ɗaya da inci 12 a manne da salatif ɗinta, a hau da ita jikin bango, amma a bar inci 3 daga sama don a riƙa ganin hanyar gara. Gara ba ta da abinci kamar jiƙaƙƙen katako.

Yanzu ga inda na san za ka yi mini gardama. Ka ce ka buɗe duk ƙananan tagogin ramin don ya sha iska. Wannan dabarar gida ce, inda iskar hunturu ke busar da wanki kafin a gama shanya. A Atlanta cikin Yuli iskar ce mai ɗauke da ruwan. Tana shiga da zafinta ta tarar da wuri mai sanyi, sai ta yi raɓa a jikin bututun esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, da na ruwan sanyi da katakon daɓe, kamar yadda kwalbar lemo ke gumi idan an fito da ita daga firij. Shi ya sa audugar nan da aka cusa tsakanin katakai don tare zafi da sanyi ta yi nauyi tana reto. Wato da hannunka kake shayar da funfunar. In kana son tabbatarwa, shimfiɗa guntun leda a ƙasa ka danne gefunanta ta kwana biyu: laima a ƙarƙashinta ta ƙasa ce, a samanta kuwa ta iska ce. Maganin shi ne a toshe tagogin a sa injin shanye danshi, a riƙe danshin iska ƙasa da kashi 60. Amma in akwai tukunyar ɗumama ruwa ko injin ɗumama gida mai gas a ramin, kada ka rufe komai sai ma'aikacin gas ya duba, don hayaƙin waɗannan injinan ba ya wari kuma yana kisa.

Sai kuma yoyon bututu: kashe duk famfunan gidan ka kalli mitar ruwa. In tana motsi, akwai yoyo. Bi bututun da ke fitar da ruwan esi da na injin busar da kaya, masu aikin ha'inci sukan sake su a cikin ramin. Sayi ɗan abin awon danshin katako ma, in ya nuna kashi 20 ko fiye, ruɓa ta kusa.

Af, ka ji ango ya sake ɗaga bikin? Karo na uku ke nan, wai sai bayan Babbar Sallah. Hajiya ta ce ita ta daina ɗinka anko. Kuma kilishin da ka yi alkawari tun dawowarka daga gida, na ji labarin inda ya ƙare.

Ka shiga ramin da tocila da takunkumi, ban da babbar riga. Ka gaishe da uwargida, ka shafa mini kan auta.

Naka,
Bakanon da ka manta