Jabun baƙin mai na kashe mana mashina a Kano

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana kan abin da ke cin aljihun masu babura a Kano ba tare da sun ankara ba, wato baƙin man da muke zuba wa mashinanmu.

Da gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, wasu sun zaci zamanin babur ya wuce a Kano. Bai wuce ba. Adaidaita sahu ta kwashe fasinja, amma malamin makaranta da ɗan kasuwar Kwari da ma'aikacin sakatariyar Audu Bako har gobe mashin ne ƙafarsu. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuwa, har masu motoci suka ajiye su a gida suka koma roba-roba ko Boxer. Yanzu kowa lissafin fetur yake yi, lita nawa za ta kai shi Bata ta dawo da shi. Idan aka zo juye kuma, wato canza baƙin mai, sai ka ji magidanci ya ce wa yaron makanike, "Kai, zuba min na araha, ai duk mai mai ne."

Ba duk mai ne mai ba, Edita. Injin ƙaramin babur ba shi da lagireto, iska ce ke sanyaya shi, sai kuma baƙin man da ke zagayawa a cikinsa. Man nan bai wuce lita ɗaya ba, kuma shi kaɗai ne ke yi wa fistin da giya da kuloci hidima a lokaci guda, saɓanin mota da inji da giya kowanne ke da nasa man. Yawancin ƙananan mashinan nan ma ba su da matatar mai irin ta mota, ɗan rariyar ƙarfe ce kawai. To a ɗora wannan a kan zafin Afrilu da ke haura digiri 40, mutum ya maƙale a cunkoson Kurna ko na 'Yankura, mashin a kunne, babu iskar da ke bugun inji. A irin wannan lokaci ne mai mara kyau ke tsinkewa ya koma ruwa, ƙarfe ya shiga gogar ƙarfe.

Wanda ya taɓa tsayawa a gefen titi ya kalli yadda ake juye ya san abin da nake nufi. Ga gorunan ruwa a jere a kan benci, an cika su daga wani duro da ba wanda ya san asalinsa, babu suna, babu lamba. Ga kuma galan-galan masu tambarin kamfani, wasu na gaske, wasu kuwa idan ka duba murfin sai ka ga an taɓa ɓalle shi an liƙe. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai masu tattara man da aka juye daga motoci da janareto, su tace, su gauraya, su ɗura a tsofaffin galan. Shi ya sa fankon galan ke da kasuwa. Na sha ganin an kwance kusar ƙasan inji, man da bai daɗe da shiga ba ya zubo baƙi ƙirin, yana warin ƙuna, ka murza a yatsa ka ji babu yauƙi ko kaɗan. Mai mashin yana tsaye yana danna waya.

Abin da ke biyo baya kowa ya sani. Salansa ta fara fitar da shuɗin hayaƙi, mashin ya rage ja, ya ƙara shan fetur ɗin da ake ta tattali. Daga nan sai a ce fistin da ringi, in an yi rashin sa'a inji ya buga gaba ɗaya. Kuɗin da za a kashe a wannan aiki ya isa a yi juye da mai kyau sau da yawa. Araha dai ba ta ado.

Mu ma masu mashin muna taimaka wa ɓarnar. Mashin nawa ne a Kano mitarsu ke aiki? Waya ta tsinke, an bar ta, don haka ba wanda ya san nisan da ya yi tun juyen baya, sai dai a jira inji ya canza kuka. Ga samari da ke sa a cire musu soson iya-kilina, mai tace iskar da ke shiga inji, wai don mashin ya ƙara gudu, a garin da ƙurar hunturu ke shiga har cikin kwanon abinci. Ƙurar nan kai tsaye take wucewa cikin inji, ta haɗu da mai ta riƙa cin ƙarfe. Akwai kuma masu zuba man mota don shi suka samu a kusa, alhali wani man motar yana sa kuloci santsi. Man babur na kirki za ka ga an rubuta 4T a jikinsa, da alamar JASO MA, da kaurinsa kamar 20W-50. Littafin da ke zuwa da mashin ya faɗi irin man da ya dace da lokacin canzawa, amma da ledarsa ake jefar da shi.

Ban ce makanikai duka macuta ba ne. Da yawansu su ma a kasuwa ake yi musu sakiyar da ba ruwa, kuma na san waɗanda ke ƙin zuba man gora ko da mai mashin ya nace. Irin waɗannan ne ya kamata ƙungiyoyin makanikai su sa a gaba, su hana yaransu sayar da man da ba a san tushensa ba.

Roƙona ga hukumar kula da ingancin kaya ta SON shi ne ta riƙa ɗibar samfuri a wuraren juye na gefen titi da kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa, ta gwada, ta bi sawun masu ɗurawa, kada abin ya tsaya kan yaron da ke zaune a benci. Ku kuma 'yan jarida, ku tura wakili ya bi fankon galan daga hannun ɗan jari-bola ya ga inda yake ƙarewa. 'Yan'uwana masu mashin, ku sayi mai a gidan mai ko wurin dilan da kuka sani, a ɓalle murfin a gabanku, in an gama zubawa ku karɓi galan ɗin ku huda shi da ƙusa kafin ku yar.

Na gode.

Wani mai karatu,
daga Rijiyar Lemo, Kano.