Rahoton ayyukan shekara: maganar alawus ɗin malaman asibiti masu duba lalurar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu dattawa, malamanmu, iyaye mata, da 'yan uwa membobi na gida da waɗanda ke ci-rani a Kano, Abuja, Legas da Fatakwal, da fatan kowa yana lafiya, ya iyali, ya aka ji da hidima. Kamar yadda aka saba duk bayan kaka, ga rahoton abin da ƙungiya tai a bana daga hannun sakatare. Lissafin kuɗi dalla-dalla yana gun ma'aji, shi zai karanta ranar taro, ni nawa bayani ne kawai.

Ƙananan ayyuka ba zan ja su ba tunda kowa ya gani da idonsa. An gyara famfon tuƙa-tuƙa na bakin masallacin Juma'a, an yashe kwalbati kafin ruwa ya sauka, matasa sun yi gayya an toshe inda dabbobi ke shiga maƙabarta. Allah Ya saka wa kowa.

Abin da ya ci mana lokaci da kuɗi da surutu shi ne wanda aka yanke a taron bara, wato mu ringa ba malaman asibitinmu na sha-ka-tafi wani ɗan ihsani duk wata saboda su zauna su duba masu lalurar ƙwaƙwalwa da yaranmu da ƙwaya ta kama. Ga waɗanda ba su halarci wancan taron ba, dalilin shi ne, in mutum ya birkice a garin nan sai asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko Dawanau, kuma ba shi kaɗai zai tafi ba, sai an ɗau shatar mota an haɗa shi da ƙarti biyu ko uku da za su riƙe shi, ga kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kun san inda ya kai, to talaka sai ya ga gara ya sa masa mari a ɗaki ya kulle. Kuma dukkanmu mun tuna abin da aka gani a gidajen mari da aka bankaɗo a 2019, tun daga Rigasa har Daura da cikin Kano, ba mai so ɗansa ya ƙare a haka.

Ba kuma garinmu kaɗai ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tai da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kuma cikin duk huɗu ɗaya mace ce. A shekarar ne ma gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma mu da ke ƙauye mun san tiramol da sholisho da wiwi ba inda suka je, yaro zai ce maka sai ya sha yake iya wuni yana noman ƙwadago. Su kuma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan gaba ɗaya ba su kai 300 ba, kusan duk suna birni, wasu ma sun haye Saudiyya da Ingila. Don haka jiran a turo mana likita ɓata lokaci ne. Wanda muke da shi a hannu shi ne malamin asibiti ɗan makarantar koyon aikin lafiya ta Jahun da nas, su ne za a riƙe.

Mutum uku muka fara da su, maza biyu mace ɗaya, dukkansu sun taɓa samun horon nan na Hukumar Lafiya ta Duniya da ake kira mhGAP, wanda tun 2008 aka fito da shi don a koya wa ƙananan ma'aikatan lafiya gane ciwon damuwa, farfaɗiya, taɓin hankali da shaye-shaye, su san wanda za su iya da wanda za su tura gaba. Abin da muka ɗaukar musu, alawus na wata, kuɗin man babur don bin marasa lafiya ƙauyuka, da buhun gero kowannensu a kaka. An sa ranar dubawa ta faɗa ranar kasuwa, shawarar iyaye mata ce kuma ta yi amfani sosai, don mutum zai shiga asibiti cikin cunkoso ba wanda zai nuna shi ya ce ga wane ya je layin mahaukata.

To a nan ne mukai kuskuren farko, kuma ni na kawo shawarar don haka ba zan ɗora wa kowa ba. Cewa mukai a biya bisa yawan mutanen da aka rubuta a littafi. Wata biyu kacal littafi ya cika fam, mai ciwon kai an rubuta, wadda ba ta yi barci jiya ba an rubuta, amma yaron da ya fi buƙata wanda sai an je gidansu sau uku sau huɗu ana lallaɓa shi ba mai zuwa, saboda wahalarsa da yawa kuma a lissafi mutum ɗaya ne. Ba na ce sun yi ha'inci ba, mu muka nuna musu inda kuɗin yake suka bi. Muka zauna muka sauya, yanzu alawus tsayayye ne in dai mutum ya zo ranakun aikinsa, sannan ƙarin yana kan bibiya, wato wanda aka fara ba magani ya dawo wata na biyu da na uku. Wannan ita ce gaɓar, don ciwon nan yawanci da an ji sauƙi sai a ajiye magani a ce an warke, sai ya dawo fiye da da.

Kuskure na biyu ya fi ciwo. Da damina ta tsaya, kowa kuɗinsa ya tafi taki, kuɗin wata ya daina shigowa, muka yi wata uku ba mu biya ba. Ɗaya daga cikin mazan ya nemi canjin wajen aiki ya koma kusa da birni, kuma da na same shi bai ɓoye min ba, ya ce Malam Sakatare ba yawan kuɗin ne ya dame ni ba, ban san ranar zuwansa ba ne, mai iyali ba ya lissafi da watakila. Ban samu abin ce masa ba. Irin abin da ya nakasa shirin ungozomomi ke nan da gwamnatin tarayya ta kawo a 2009, aka raba biyan alawus tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, inda wani ɓangaren bai cika nasa ba sai ungozoma ta tattara kayanta. Mun san labarin sarai amma muka faɗa ramin.

Ita kuwa nas ɗin abin da ya zaunar da ita ɗaki ne. Wani bawan Allah cikin dattawanmu, ya ce kar a faɗi sunansa, ya ba da ɗaki ciki da falo mai kewaye kusa da asibiti, ƙungiya ta sa sola da ƙofa mai kyau, maigidanta ya zo ya gani ya amince. Tun daga nan matan da ke rikicewa bayan haihuwa, da waɗanda ke shan maganin tari a ɓoye a gidan aure, suka samu wadda za su faɗa wa, abin da ba za su taɓa buɗe baki su gaya wa namiji ba. In da ni kaɗai ne mai yanke hukunci wallahi kuɗin gero ma ɗaki zan mayar da shi.

Akwai 'yan uwa da har yanzu ke cewa don me za mu biya ma'aikacin gwamnati alhali yana ɗaukar albashi. Maganarsu tana da gindi, ban raina ta ba. Amma ku tuna kuɗin haɗarin aiki na ma'aikatan lafiya naira 5,000 ya yi shekaru yana tsaye sai ƙarshen 2021 aka taɓa shi, ga mutum yana shiga ɗakin wanda zai iya rotsa masa kai. Ko Amurka da kuɗinta sai da ta sa kwaɗayi, gwamnati ke biya wa ma'aikacin lafiya wani kaso na bashin karatunsa in ya yarda ya zauna shekara biyu ko uku a inda ake ƙarancin ma'aikata, har da masu kula da 'yan shaye-shaye. Yanzu da aka fara ba ɗalibai bashin karatu na NELFUND a nan, ni dai ina ganin abin da ya kamata wakilanmu su nema ke nan, a yafe wa wanda ya zauna ƙauye.

Inda na yarda da su shi ne wannan nauyi ba namu ba ne har abada. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da Marigayi Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ce a sauko da wannan kulawa har ƙananan asibitoci. Da ita muka rubuta takarda muka kai ofis, muna neman a maye mana gurbin wanda ya tafi, a kuma duba alawus ɗin zaman karkara. Sau uku muna komawa, amsar dai ita ce ana dubawa. Mai girma dagaci ya ce zai raka mu zuwa na huɗu.

Godiya ta musamman ga liman da malamai masu ruƙiyya, bana sun taimaka ƙwarai, in an kawo musu mutum suna masa addu'a su ce kuma a wuce asibiti, ba sa cewa a ajiye magani. Masu kemis ne har yanzu muke kai ruwa rana da wasunsu.

Abubuwan da za a yanke ranar taro: kwamiti na neman a tara alawus ɗin wata shida gaba ɗaya yanzu da hatsi ke hannu, a ajiye shi daban kar a taɓa ko da famfo ya lalace. 'Yan ci-rani dan Allah a turo bashin kuɗin wata ta asusun ƙungiya ba ta hannun direba ba, kuma a tura wa ma'aji shaidar biya. Sannan ana neman wanda zai ba da aron ɗaki na biyu ko da shago ne a gyara, don in an turo sabon malami ya tarar da wajen kwana. Taro bayan sallar La'asar ne a firamare, iyaye mata a ajin farko kamar kullum, kowa ya zo da katinsa.

Wassalam, naku Sakatare.