Godiya ga ma'aikatan sashen kula da masu ciwon hanta

Assalamu alaikum.

Mu ma'aikatan lafiya ne da ke turo muku marasa lafiyar da hantarsu ta gaza farat ɗaya, kuma mun ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a.

Abin da ya fi burge mu shi ne ba kwa ruɗuwa da ganin majiyyaci zaune yana hira. Wanda ya sha farasitamol fiye da kima yakan wuni da tashin zuciya kawai, har ya ce ya warware, alhali ɓarnar hantar sai kwana na 3 zuwa na 4 take kai maƙura. Ku kuwa tun daga ƙofa kuke tambaya: ƙwaya nawa, da ƙarfe nawa, an haɗa da maganin mura? Wannan ta ƙarshen ita aka fi mantawa, ga shi magungunan mura da yawa suna ɗauke da farasitamol, sai babba ya haura giram 4 a rana, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, bai sani ba. Kuna auna maganin a jini bayan awa 4 da shansa, ku ɗaura acetylcysteine, maganin da ke karya gubar farasitamol, kafin awa 8 ta cika, lokacin da ya fi kare hanta. In sakamako zai makara, ba kwa jiran sa.

In ba farasitamol ba ne, kuna bin sawun hepatitis A da B, da E mai tsanani ga masu juna biyu, da magungunan tarin fuka irin su isoniazid, da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba.

Sai kuma tsaron dare. Shawarar da ta rina idanu kowa yana ganinta. Wanda ya fara barcin rana da farkawar dare, ko sambatu, ko hannunsa na kaɗawa in ya miƙa shi, sai mai lura. Ba kwa ba shi maganin barci, don kada ya rufe alamar. Kuna duba sukarinsa a kai a kai, tunda hantar da ta gaza ba ta iya sakin sukari. Kuna ɗaga kansa digiri 30 saboda kumburin ƙwaƙwalwa. Da INR, wato awon daskarewar jini, ya kai 1.5 tare da ruɗewa, kuna tuntuɓar masu dashen hanta tun yana iya jure tafiya.

Allah ya saka muku da alheri.

Abokan aikinku masu turo marasa lafiya.